Hutun Don Ulbio na Farko

Ranar da na fara aiki a ofishin lasisin tuƙi na Santa Brígida, ban tarar da Don Ulbio Pinargote a teburinsa ba. Shugabar ofis, Doña Zoila, ta ce in bi titin da ya nufi gonakin shinkafa, zan gan shi, shi ne zai koya mini aiki. Na gan shi kuwa. Yana zaune a kan rufin wata tsohuwar mota ja da ta tsunduma cikin magudanar ruwan gona har rabin ƙofa, takalmansa a hannu. Kusa da shi saurayin da ya zo gwaji ne, shi kuwa Don Ulbio dariya yake har da hawaye. Da ya hango ni sai ya ɗaga takalmi ɗaya ya gaishe ni da shi.

"Ke ce Yadira? Sannu da zuwa, 'yata. Ki zama shaida, yaron nan sai da ya kunna sigina kafin ya shigo da mu ruwa. A nan kam ba ni da abin cewa."

Saurayin ya faɗi gwajin, ba sai an faɗa ba. Amma ya dawo daga baya ya ci, kuma yau shi ke jan motar ɗaukar marasa lafiya ta garinmu.

Don Ulbio ɗan mai gasa burodi ne daga wani ƙauye a kan hanyar Chone. Tun bai fara gemu ba yake jan motar burodin ubansa, da buhun fulawa a ƙarƙashinsa don ya hango hanya. Da ya girma ya koma jan bas ɗin ƙauye, irin mai bencin katako, kaji da buhunan koko a sama. A cikin bas ɗin nan ya haɗu da Targelia, wadda kullum take shiga da kwandon corviche, curin agada da gyaɗa mai kifi a ciki, za ta kai kasuwa. Ta yarda za ta aure shi, amma ta ce ba za ta zauna da mijin da yau ya kwana a Quevedo gobe a Manta ba. Shi ya sa ya nemi aikin gwamnati. Aka ɗauke shi mai jarraba direbobi, kwantiragin wata shida.

Wata shidan nan ya yi fiye da shekara ashirin yana yin sa. Haka dukanmu muke. Sau biyu a shekara ake kiran mu ɗaya bayan ɗaya mu sa hannu a sabuwar takarda, kuma kafin a kira ka ba ka san ko za a kira ka ba. Ba hutu, ba fansho, in ka kwanta ciwo ka kwanta da albashinka. Don Ulbio bai taɓa barin ko cokali a aljihun teburinsa ba. Kofin da yake shan kofi da shi ma kullum sai ya koma da shi gida, wai kada wata rana a ce ya zo ya kwashe kayansa a gaban mutane.

Sannan ga motocin. A lokacin kowa da motarsa yake zuwa gwaji, ko ta kawunsa, ko ta maƙwabci. Akwai wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya, akwai wadda sai an tura. Mai jarrabawa ba shi da komai a gabansa sai bel ɗin kujera, in ma akwai, da addu'ar da uwarsa ta koya masa. Duk da haka ƙafarmu ta dama ba ta daina neman birkin da babu. Don Ulbio ya sha huda takalmin dama yana dannan ƙasan motocin mutane, na hagu kuwa yana nan sabo fil, har mai gyaran takalma na bakin kasuwa ya riƙa tambayarsa ko da ƙafa ɗaya yake tafiya.

Dariyar tasa ma daga baya na gane ta. Shi idan tsoro ya kama shi dariya ke zuwar masa, kamar yadda wani atishawa ke zuwar masa. Duk garin an sani. Iyaye kan gargaɗi 'ya'yansu kafin su zo gwaji cewa in Don Ulbio ya yi shiru, komai lafiya, in ya fara ƙyalƙyala, a taka birki ba tare da an tsaya tambaya ba.

Yana da wata magana guda da yake kashe kowace buƙata da ita a gida. In Doña Targelia ta ce rufin kicin na yoyo, sai ya ce in ya samu hutu. Haƙorinsa da ke damunsa, in ya samu hutu. Ƙanwarsa da ke Esmeraldas da ta gaji da gayyata, in ya samu hutu. Babbar buƙatar kuwa ita ce ya koya mata mota. Doña Targelia ta gaji da masu babur mai ƙafa uku da ke zubar mata da miyar gyaɗa a kowane rami, ta daɗe tana cewa abin kunya ne mijinta ya ba rabin gari lasisi ita ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Shi kuma sai ya dafa ƙirji ya yi mata alkawari da zuciya ɗaya. Alkawarin ba ya masa nauyi, don ya san hutun ba zuwa zai yi ba.

Abin da ya sauya komai a wani lardi ya faru. Wani abokin aikinmu da ba mu ma sani ba, mai koyo ya kai shi ƙarƙashin tirela, ya karye a ƙugu. Da aka kai shi asibiti sai aka tarar kwantiraginsa ya ƙare a makon da ya wuce, sabo bai iso ba, don haka kowa ya ce ba ma'aikacinsa ba ne. Labarin ya bi waya ya zagaye ƙasar. Kafin ƙarshen wata duk masu jarraba direbobi mun ajiye aiki.

Yajin aikinmu a Santa Brígida ya fi kama da biki. Mu huɗu ne kawai, muka jera kujeru a inuwar mangwaron da ke bakin ƙofa. Doña Targelia ta dawo da kaskonta nan, tunda jama'a nan suka taru. Masu jiran lasisi suna zuwa da niyyar zagin mu, su ƙare da zama suna cin corviche suna ba mu labarin wanda ya fi kowa rashin iya tuƙi a danginsu. Don Ulbio kuwa tunda aka fara dariya yake, safe da yamma, don ya tabbata korar mu za a yi gaba ɗaya. Amininsa Wilfrido Bazurto, wanda suka shiga aikin shekara guda, yakan ce masa ya rufe baki kada 'yan jarida su zo su ɗauka murna muke.

Ba a kore mu ba. Wata safiya Doña Zoila ta fito tsakar fili da sabuwar yarjejeniya ta karanta mana a tsaye. Ta fara da masu ɗaci. Za mu riƙa aiki ran Asabar. Mutanen da muke jarrabawa a rana za su ƙaru. Za a sa kyamara a kowace mota. Mako ɗaya a kowane wata za a tura kowa wani gari, a kawo baƙo a madadinsa, kuma ba wanda zai jarraba ɗan unguwarsu. Kowa sai likita ya duba shi kafin ya sa hannu. Muka yi ta gunaguni. Sai ta juya shafi. Aiki ya zama na dindindin, da fansho. Ofis zai sayi motocinsa na gwaji, masu birki a gefen mai jarrabawa. Sannan hutun wata guda kowace shekara, da cikakken albashi.

A nan dariyar Don Ulbio ta ɗauke ɗif. Wilfrido ya dube shi, ya dubi bakin ƙofa inda Doña Targelia ta tsaya da matsami a hannu tana saurare, ya ce a hankali:

"Mutumina, kashinka ya bushe. Ta ji."

Ranar sa hannu Don Ulbio ya zo da guduma da ƙusa a aljihu. Yana ajiye biro ya nufi bangon da ke bayan teburinsa ya kafa hoton aurensu, ya kafa kalanda, ya kafa ƙusa ta uku ya rataye kofinsa. Ya rasa abin da zai ƙara kafawa, sai ya zo ya buga mini ƙusa a nawa bangon, wai ko zan buƙata. Daga nan ya rungumi mai gadi, ya rungumi wani mutum da ya shigo tambayar banɗaki.

Murnar ba ta cika ba. Likita ya ce idon Wilfrido ya yi yana, ba zai iya sa masa hannu ba. Ashe ya daɗe da sanin hakan, yana lallaɓawa da hasken rana da sanin hanya. Aka sallame shi da ɗan abin da ba a rasa ba, ya koma gonar kokon da ya gada. Ranar da ya tafi Don Ulbio ya raka shi har gada, ya dawo shi kaɗai. Har yau in an yi maganar yarjejeniyar yakan ce an gyara gida, amma an bar mutum ɗaya a waje.

Motocin suka iso, farare guda biyu, leda ba a ko cire daga kujerunsu ba. Don Ulbio ya buɗe ƙofar dama ya durƙusa yana kallon birkin nan kamar an nuna masa jariri. Ya ce in shiga in ja mu zagaya fili. Ban kai ga sa giya ta biyu ba na ji motar ta ƙame. Na dube shi, yana kallon gaba kamar ba shi ba. Na sake tashi, ya sake takawa. Haka muka yi ta yi har wuyana ya fara ciwo, shi kuma yana ta sheƙa dariya, kuma a karon farko tun da na san shi ba ta tsoro ba ce. Wadda ta fara shiga hannunsa a sabuwar motar wata sista ce daga makarantar mishan, mace mai natsuwa da ta iya tuƙinta. Ya taka mata birki saboda kare, ya taka saboda kaza, ya taka saboda wata leda da iska ta ɗauko. Daga ƙarshe ta tsaya a gefen titi ta tambaye shi cikin ladabi ko yana so su canja wuri ne. Bayan kwana biyu aka bugo waya daga hedikwata, masu kallon kyamara na tambaya ko mota ta biyu tana da matsalar inji. Doña Zoila ta ce musu injin lafiya lau, ƙafar wani ce ke bikin sabon aure, za ta huce.

Da yake shi ne mafi daɗewa, shi aka fara ba hutu. Litinin ɗin farko sai ga shi ƙarfe bakwai cikin rigar aiki, ya manta. Doña Zoila ta kora shi. Talata ya dawo wai ya zo duba ko kofinsa na nan. Laraba Doña Targelia ta zo da kanta ta tafi da shi, ta kuma gaya masa a gabanmu cewa ta yafe rufin kicin, haƙori kuma nasa ne, in ya ga dama ya mutu da shi, abu ɗaya take so.

Wilfrido ya ba da aron a-kori-kurarsa ta gona, aka koma filin ƙwallon bayan coci. Ranar Lahadi na je kallo, na tarar da rabin unguwa a can. Mutumin da ya zauna kusa da dubban masu koyo bai iya zama kusa da matarsa ba. Tana taɓa totur yake fashewa da dariya, ga shi motar gona ba ta da birki a gefensa, ƙafarsa sai dukan ƙasa take. Doña Targelia ta jure kwana uku. A na huɗu ta tsaya a tsakiyar fili, ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa.

"Sauka, tsoho. Je ka tsaya a raga ka yi dariyarka can. Wilfrido, zo ka zauna."

Ashe Wilfrido ne malamin da ya dace da ita. Da yake ba ya hango abin tsoro sai ya zo dab, hankalinsa a kwance yake. Yakan jingina ya ce mata ta saurari injin, shi zai gaya mata lokacin canja giya, yana ɓare lemo yana ba ta labarin farashin koko. Don Ulbio kuwa yana bakin raga, hula a hannu, yana bin motar da gudu in ta nufi bangon coci, yana dawowa in ta juya. A watan nan ya rame, ya yi baƙi, ya ce bai taɓa aikin da ya gajiyar da shi kamar hutu ba.

Gwajinta na farko ta faɗi, kuma ba wanda ya ga laifin mai jarrabawa. Ta yi komai daidai har shataletalen kasuwa, inda ta hango wata mai sayen corviche ɗinta, ta tsaya cak a tsakiya ta sauke gilashi don ta gaya mata gobe ba za ta fito ba. Da aka gaya wa Don Ulbio ya yi ƙoƙarin ɓata fuska don taya ta baƙin ciki, fuskar ta ƙi.

Na biyun ya faɗo a makon da aka tura shi Jipijapa. Ni ba zan iya jarraba ta ba, unguwarmu ɗaya. Baƙon da aka kawo mana a makon wani siririn saurayi ne daga Loja, Galo Valdivieso, wanda tunda ya zo ba mu ga haƙorinsa ba. Doña Targelia ta zo cikin rigar zuwa coci. Ta shiga, ta ɗaura bel, ta gyara madubi, sannan ta dubi kyamara ta gaishe da mutanen hedikwata, ta tambaye su iyali. Suka fita. Ni da Wilfrido da Doña Zoila muka tsaya a gindin mangwaro, wayata na ta ruri a aljihu, don duk lokacin da Don Ulbio ya sauke mutum a Jipijapa sai ya kira ni kafin ya ɗauki na gaba.

Da suka dawo ta yi ribas ta shige tsakanin durom biyu kamar an zura zare a allura. Galo ya fito yana goge gumi. Ya ce tuƙinta ba shi da aibu, sai dai tun daga ƙofa har gada take masa faɗa a kan ramarsa, kuma ta yi masa alkawarin wata 'yar ƙanwarta. Ya sa hannu. Sai a lokacin muka ga yana da wushirya.

Na ciro waya zan kira Don Ulbio, Doña Targelia ta riƙe hannuna. Ta ce kada wanda ya gaya masa komai. Asabar ce, ƙarshen makonsa a can, da la'asar zai tashi ya nemi bas, ita za ta je ta ɗauko kayanta. Da ya sake kira na ce masa na'ura ce ta tsaya, ba a fitar da sakamako ba tukuna. Ya ce ya gane, in dai faɗuwa ta yi in gaya masa kawai, zai saya mata wani abu a hanya.

Muka kama hanya mu uku, ita a sitiyari, Wilfrido a gefenta, ni a baya kan buhunan wofi. Mun same shi a tasha zaune kan jakarsa, da ƙullin alewar madara a cinya, ta lallashi. Doña Targelia ta tsaya a gabansa ta danna hon. Ya ɗago ya ga motar Wilfrido, ya nemi Wilfrido a mazaunin direba bai gan shi ba. Ya miƙe a hankali. Ta zaro takardar ta manna a gilashi.

"Malam, ina za ka? Santa Brígida dala biyu ne, amma tsofaffi kyauta."

Ya zagaya motar sau ɗaya yana shafa ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Wilfrido ya buɗe ƙofa zai ba shi wuri, ya ce a'a, shi ya gama zaman gaba a wannan makon. Ya jefa jakarsa baya ya haye kusa da ni. Da muka fita gari ya miƙe tsaye ya riƙe ƙarfen bayan kai, rigarsa na kaɗawa, yana gaida duk wanda muka wuce, masu shanu, masu sayar da kankana, yana nuna musu kan motar yana cewa matarsa ce ke ja. Alewar da ya saya mu muka cinye ta a baya, ko ɗaya ba ta kai gaba ba. A wajen wata gada ɗan sanda ya tsayar da mu saboda tsayuwar tasa. Da ya leƙo sai ya zama wani ne da Don Ulbio ya taɓa kayarwa a gwaji sau biyu. Ya karɓi takardar Doña Targelia ya duba, ya ga ko bushewa tawadar ba ta gama yi ba, ya sara mata. Sannan ya ce wa Don Ulbio ya zauna a ƙasa kamar kowa, kuma ya daɗe yana jiran ranar da zai ba shi umarni. Don Ulbio ya zauna har muka sha kwana, ya sake miƙewa.

Ya ƙara shekara shida a aiki. Asabar ɗin ba ta taɓa yi masa daɗi ba, makon baƙunta kuma yana wahalar da gwiwoyinsa, ya kuma yi ta faɗa da kyamara har ya bari. Ya yi ritaya da fanshonsa, shi ne na farko a ofishinmu da ya taɓa samu. An yi wa Wilfrido aikin ido, ɗaya ya buɗe, kuma da ya ga yadda Doña Targelia ke shan kwana da idonsa sai ya sayar mata da motar ya ce shi bas zai riƙa hawa.

Yanzu ƙauyuka uku take kai corviche. Ran Asabar, da yake mu muna aiki, a bakin ƙofarmu take fakin, Don Ulbio na zaune a bayan motar yana miƙa wa masu saye. Ya samu sabuwar sana'a, wato ba masu jiran gwaji shawara, kuma yawancinta ƙarya ce. Ya gaya musu ni ce mafi mugunta a lardin nan, wai na taɓa kayar da limamin coci saboda ya yi atishawa. Sai su shigo mini mota a tsorace, in ɓata lokaci ina lallashi kafin a tayar da inji. Na kai ƙararsa wurin Doña Targelia, ta ce Asabar mai zuwa a gida za ta bar shi. Wata uku ke nan tana faɗin haka.